Ɗakin da ke Haɗiye Bes: Yadda Aka Daidaita Lasifikokin Wani Situdiyo Cikin Mako Goma

## Ɗakin da kayan da ke ciki

Ba don aikin sauti aka gina ɗakin ba. Tsawonsa mita 4.2 ne, faɗinsa mita 3.4, daga ƙasa zuwa rufi kuma mita 2.7. Bangon bulo ne da filasta, ƙasa tayil, rufin kankare. Ƙofa tana kusurwar dama ta bangon baya, taga ɗaya a bangon hagu. Mai ɗakin ba baƙon sana'ar ba ne. Ya shekara shida yana haɗa sauti a situdiyon wasu kafin ya buɗe nasa, kuma a can ba a taɓa dawo masa da aiki saboda bes, wato sauti mai kauri, ba.

Lasifikokinsa biyu ne, irin waɗanda ake kira monita, masu amfilifaya a ciki. Kowace tana da wufa mai inci 8 da ke fitar da sauti mai kauri, da twita mai fitar da siririn sauti, da hujin iska a baya. Zurfin akwatin santimita 30. Daga sawunkad, na'urar da ke fitar da sautin kwamfuta, zuwa kowace lasifika kebul ne na XLR mai ƙafa uku.

Tebur yana fuskantar gajeren bango, amma an janyo shi ciki don a sami wurin zagayawa a gyara wayoyi. Lasifikokin suna kwance a kan teburin, fuskarsu santimita 90 daga bangon gaba. Ta dama tana santimita 55 daga bangon dama, ta hagu kuwa mita 1.45 daga nata bangon, saboda an kauce wa taga. Kujera ta faɗo a mita 2.1 daga bangon gaba, tsakiyar tsawon ɗakin ke nan cif. Daga baya aka ɗauki waɗannan alƙaluma. A ranar da aka jera kayan ba wanda ya ɗauko tef, inda suka yi kyau a ido nan aka bar su.

## Mako na 1 zuwa na 3: aiki ya fara dawowa

Cikin waƙoƙi huɗu na farko da ya haɗa, uku aka dawo da su, kuma koken iri ɗaya ne. A mota bes yana danne murya. A manyan lasifikokin taro babbar ganga tana shanye sauran kayan kiɗa. In ya sake kunna waƙar a ɗakinsa kuwa, sai ya ji bes ɗin ma bai kai ba.

Alama ta biyu ta fi wannan faɗar gaskiya. Idan jitar bes ta bi sautuka a jere, ba ƙarfi ɗaya suke fita da shi ba. Sautin E na ƙasa, mai kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, wato 41 Hz, kusan ba a jin sa. E na samansa, 82 Hz, yana cika ɗaki har gilashin taga ya amsa. Da an hau zuwa G, 98 Hz, sai sautin ya noƙe kamar mai kiɗan ya sassauta hannu. A hedifon dukkansu daidai suke.

Ta uku ita ce murya. Muryar da aka ajiye a tsakiya tana jinginuwa dama, shi kuma yana tura ta hagu kaɗan don ta miƙe. Mai saurare da hedifon sai ya ji ta karkace hagu.

Don ya ji bes ɗin da ya ɓace masa, sai ya riƙa ƙara ƙarfin sauti. Kafin yamma kunnuwansa sun gaji, abin da ya yanke da safe ya warware shi da dare.

## Mako na 4: soso a bango

Abu na farko da ya gwada shi ne soson nan mai tudu-tudu da ake mannawa a bangon situdiyo, mai kaurin santimita 5. Ya rufe bangon gaba da na gefe biyu daga tsayin gwiwa zuwa kusa da rufi.

Amsa-kuwwar tafi ta mutu, ɗakin ya yi shiru a kunne. Bes kuwa ko gezau. Dalilin yana cikin lissafi mai sauƙi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma kowane sauti yana da tsawon takunsa: a raba 343 da yawan Hz ɗinsa. Takun 95 Hz mita 3.6 ne, na 2,000 Hz kuwa santimita 17 kacal. Abu mai ƙofofin iska irin soso yana shanye sauti sosai ne idan kaurinsa ya kusa rubu'in takun. Soso mai santimita 5 yana aikinsa cikakke daga wajen 1,700 Hz zuwa sama, yana raguwa in aka sauko, kafin a kai 200 Hz ya zama ado.

Sai ga sabuwar matsala. Tunda soson ya cinye siririn sauti ya bar mai kauri yana yawo, ɗakin ya dushe. Mai ɗakin ya fara ƙara wa murya da kuge kaifi don ya ji su, ayyukan wannan makon suka fita da bes mai yawa da kuma kaifi mai soke kunne.

## Mako na 5: sabwufa da ikwalaiza

Ya aro sabwufa mai inci 10, lasifikar da bes kaɗai take fitarwa, ya ajiye ta ƙarƙashin tebur, ya raba aiki tsakaninta da monitocin a 80 Hz. E na 82 Hz ya ƙara kumbura. E na 41 Hz bai dawo ba a kujera, amma duk wanda ya tsaya jikin bangon baya yana jin sa har a ƙirji. Bayan kwana uku aka mayar da ita.

Daga nan ya sa ikwalaiza, na'urar ɗaga ko rage wani sashe na sauti, a kan layin da ke zuwa lasifikokin, ya ɗaga wajen 95 Hz da desibel 10, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Ƙarin desibel 10 yana nufin amfilifaya ta ba da ƙarfi ninki goma a wannan wuri. Fitilar kariya ta lasifikokin ta fara ƙyaftawa duk lokacin da ganga ta buga, hujin iska yana huci. A kujera kwarin, wato wurin da sautin ke noƙewa, ya ragu amma bai cike ba, da ya sunkuya gaba taki ɗaya kuma sai wannan sautin ya yi masa yawa. Ya cire.

## Mako na 6: awo

A wannan makon aka kawo makirufon awo na USB, UMIK-1, aka haɗa shi da manhajar REW wadda kyauta ake sauke ta. Aka janye kujera, aka kafa makirufon a inda kan mai aiki yake zama, tsayin mita 1.2, bakinsa yana kallon rufi, aka loda fayil ɗin gyaransa na digiri 90. Manhajar tana fitar da sauti mai hawa daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz ta zana abin da makirufon ya ji. Aka auna ta hagu ita kaɗai, ta dama ita kaɗai, sannan duka biyun.

Idan aka ɗauki matsakaicin sauti a matsayin sifili, ga abin da ya fito: kwari na desibel 14 a 41 Hz, wani na desibel 8 a 63 Hz, tudu na desibel 9 a 82 Hz, kwari mai zurfin desibel 17 a 95 Hz, sai tudu na desibel 6 a 127 Hz. Tsakanin 82 da 95 Hz, sautuka biyu masu kusa da juna, tazarar desibel 26 ce.

Kowane ɗaya yana da asalinsa a jikin ɗakin. Tsakanin bango biyu masu fuskantar juna, sautin da rabin takunsa ya yi daidai da tazararsu yakan je ya dawo ya hau kan kansa, ya tsaya wuri ɗaya: ƙarfi a jikin bango, babu komai a tsakiya. Ana samun sa da raba 343 da ninki biyu na tazarar. Tsawon mita 4.2 yana ba da 41 Hz, da ninkinsa 82 da 122. Faɗin mita 3.4 yana ba da 50 da 101. Tsayin mita 2.7 yana ba da 63.5 da 127. A tsakiyar kowace tazara, sautinta na farko yana mutuwa, na biyu yana kai ƙololuwa. Kujerar tana tsakiyar tsawo, shi ya sa 41 Hz ya ɓace 82 Hz ya kumbura. Kunne a mita 1.2 yana dab da tsakiyar tsayi, mita 1.35, shi ya sa 63 ya faɗi 127 ya tashi. Tsautsayi ne kawai ya sa tsawon ɗakin ya dace da sautin E, wanda shi ne igiyar ƙasa ta jitar bes mai igiya huɗu.

Kwarin 95 Hz daban yake. Sauti mai kauri ba gaba kaɗai yake fita ba, yana bazuwa ko'ina har bayan akwati. Wanda ya tafi baya yakan bugi bango ya dawo ya tarar da mai tafiya gaba. In tazarar fuskar lasifika da bango rubu'in taku ce, zuwa da dawowa rabin taku ke nan, ɗaya yana tura iska ɗaya yana janye ta, sai su kashe juna. A raba 343 da ninki huɗu na santimita 90, a sami 95 Hz.

Tef kuma ya warware zancen murya. Daga twitar dama zuwa kunne mita 1.32, daga ta hagu mita 1.47. Bambancin santimita 15 bai kai rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, amma ya isa ƙwaƙwalwa ta jingina sautin ga wadda ta fara isowa. Ga shi kuma maɓallin ƙarfi na bayan ta dama ya ɗara na hagu da desibel 1.5.

Awon tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu ya nuna aikin soson: sama da 2,000 Hz kimanin daƙiƙa 0.15, ƙasa da 150 Hz fiye da daƙiƙa 0.7.

## Mako na 7: matsar da kaya

Aka fara da zana layi da salatif a ƙasa, daga tsakiyar bangon gaba zuwa tsakiyar na baya, mita 1.7 daga kowane gefe. Duk sauran awon daga wannan layi aka yi shi.

Kujera ta koma mita 1.6 daga bangon gaba. Wannan shi ne kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗakin da masu tsara situdiyo suka saba farawa da shi, domin wurin ya kauce wa tsakiya ya kuma kauce wa rubu'i, inda 82 Hz ke mutuwa. Ba doka ba ce, mafari ne. An auna a mita 1.5 da 1.6 da 1.7 kafin a tsaya a kan na tsakiyar.

Aka sauke lasifikokin daga tebur, aka ɗora su a tsaye kan ƙafafun ƙarfe da aka cika da busasshen yashi, da roba a ƙarƙashin kowane akwati. Tsayuwar tana da dalili. Akwai wurin da wufa da twita suke fitar da sauti ɗaya tare, wajen 2,000 Hz a irin waɗannan. In suna gefe da gefe, duk juyin kai hagu ko dama yana canja tazarar kowannensu da kunne, murya ta riƙa sauya launi. In ɗaya yana saman ɗaya, mai aiki zai iya motsawa gefe ba tare da haka ta faru ba. Twita ta zauna a mita 1.2, daidai kunne.

Sai aka tura su kusa da bango, aka bar santimita 10 a baya don hujin iska ya shaƙa. Fuskarsu ta koma santimita 40 daga bango. Da wannan, wurin da sauti ke kashe kansa ya tashi daga 95 Hz zuwa wajen 214 Hz, inda kwarin ba ya zurfi sosai kuma allon shanye sauti yana iya kama shi.

Daga fuskar lasifikokin zuwa layin kunne ya zama mita 1.2. Don a sami alwatika mai gefe uku daidai, aka raba twita da twita da mita 1.39, kowace kuma mita 1.39 daga kunne, kowace mita 1 daga bangon gefenta. Haka kowace take digiri 30 daga layin tsakiya, kamar yadda ƙa'idar jera lasifikoki ta ƙasa da ƙasa, ITU-R BS.775, ta tsara. An yi awon da zare ɗaya da aka ɗaure a sandar makirufo, ana kai bakinsa ga twitar hagu sannan ta dama, har suka yi daidai cikin rabin santimita. Aka juya fuskokinsu ciki suna kallon wani wuri kaɗan a bayan kai. Aka sauya teburin da ƙarami, aka saukar da sikirin ya koma ƙasa da layin twita don kada ya tare sauti.

Da aka kunna, bes ya tafi gaba ɗaya. Murya ta ƙi zama a tsakiya, ta bazu kamar daga bayan kunne take fitowa. Kwana biyu ana zargin sabon wurin zama, har aka fara shirin mayar da kaya inda suke. Awo ne ya tona: ta hagu ita kaɗai lafiya, ta dama ita kaɗai lafiya, in an haɗa su sai bes ya zube maimakon ya ƙaru da kusan desibel 6. Kebul ɗin hagu bai kai sabon wurin ba, an haɗa wani mai tsawo da hannu, wajen liƙa dalma aka musanya ƙafa ta 2 da ta 3. A XLR ƙafa ta 1 ita ce ta ƙasa, ta 2 da ta 3 su ke ɗauke da sauti, kuma dole kowace ta tafi ga 'yar'uwarta a ɗaya bakin. Da aka musanya su, wufar hagu tana shiga ciki lokacin da ta dama take fitowa. Testa ta tabbatar cikin minti ɗaya, aka sake liƙawa.

Awon bayan gyara: kwarin 41 Hz ya ragu daga desibel 14 zuwa 5, tudun 82 Hz daga 9 zuwa 6, kwarin 95 Hz daga 17 zuwa 8. Na 63 Hz bai motsa sosai ba, yana desibel 7, tunda tsayin kunne bai canja ba. Sabon kwari na desibel 6 ya bayyana a 214 Hz kamar yadda lissafi ya faɗa. Abu ɗaya ya ƙara lalacewa: tudun wajen 125 Hz ya hau zuwa desibel 10. A tsohon wuri 122 Hz na tsawo a mace yake, a sabon wurin ya farfaɗo ya haɗu da 127 Hz na tsayi.

## Mako na 8 da na 9: alluna

Aka ɓamɓare soson duka. A madadinsa aka yi alluna da ulun dutse mai nauyin kilo 45 a kowace mita kubik, kowane allo santimita 60 da 120, kauri santimita 10, a cikin firam na katako, aka lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa. Gwajin yadin shi ne a ɗora shi a baki a hura, in iska ta wuce ba wahala ya yi. Wajen yanka ulun ana sa safar hannu da takunkumi, domin ƙurarsa tana sa ƙaiƙayi kuma ba ta da kyau a huhu.

Wuraren da sauti ke fara bugun bango ya karkato kunne, da madubi aka nemo su. Mutum ɗaya ya zauna a kujera, wani yana jan madubi a jikin bango a tsayin kunne, duk inda na zaune ya hango twita aka yi alama. A kowane gefe alama biyu ta fito, ɗaya a santimita 85 daga bangon gaba, ɗaya a mita 1.1, allo ɗaya ya rufe duka biyun. Aka rataye su da tazarar santimita 10 daga bango, saboda a jikin bango iska ba ta motsi sosai, kuma motsin iska a cikin ulun shi ne ke cinye sauti. Iskar bayan allo tana ƙara masa kai wa ƙasa kusan kamar an ƙara kauri. Na hagu ya faɗo kan taga, aka yi masa ƙafa ya tsaya da kansa.

Ragowar kwarin da ke tsakanin 90 da 110 Hz ya fito ne daga wurare uku a lokaci ɗaya. Sautin da ya bi ta bangon gefe yana yin ƙarin tafiyar mita 1.57 a kan wanda ya zo kai tsaye, yana kashe wajen 109 Hz. Wanda ya bi ta rufi ƙarin mita 1.92, wajen 89 Hz. Bangon baya, mai nisan mita 2.6 daga kai, yana kashe wajen 99 Hz. Saboda haka aka ninka allunan rufi suka zama santimita 20, aka sauko da su santimita 15 daga kankare, suka rufe daga kan lasifikokin zuwa kan kujera. Bangon baya ma ya sami alluna uku masu santimita 20.

Kusurwoyi uku aka cika da ulun da aka yanka alwatika, faɗin fuska santimita 60, daga ƙasa har rufi, domin a kusurwa ne duk sautukan da ke tsayawa a ɗaki suke taruwa. Ta huɗun ƙofa ce, aka bar ta. A bangon gaba aka sa allo tsakanin lasifikokin, ba a toshe bayan hujin iska ba.

Ba a rufe kowane bango ba. An bar sassan filasta a fili da gangan, don kada siririn sauti ya sake mutuwa.

Awo ya nuna 82 Hz a desibel 4 sama, 125 Hz a 6 sama, wajen 100 Hz a 5 ƙasa, 214 Hz a 3 ƙasa, 63 Hz a 5 ƙasa. Lokacin mutuwar sauti ya dawo wajen daƙiƙa 0.2 daga 250 Hz zuwa sama, kuma kusan 0.35 a 80 Hz. A kunne, wannan na biyun ya fi fitowa fili: ganga tana bugawa ta tsaya, ba ta jan jela ta shiga bugu na gaba.

## Mako na 10: maɓallan baya, ƙarfin sauti, sannan ikwalaiza

Lasifikar da ke jikin bango tana samun ƙarin bes, wani lokaci har desibel 6, saboda abin da zai tafi baya ya dawo gaba. Don haka masu ƙera monita suke sa makunnin rage bes a baya. Aka gwada ragin desibel 2 da na 4, awo ya zaɓi na 2.

Daga nan aka tsayar da ƙarfin aiki. Aka kunna ƙarar gwaji mai kama da saukar ruwan sama, wadda injiniyoyi ke ce wa fink nois, wadda aka taƙaita tsakanin 500 da 2,000 Hz, a matakin desibel 20 ƙasa da ƙololuwar dijital, wato iyakar ƙarfin da kwamfuta ke fitarwa. Aka sa na'urar auna ƙara a wurin kunne, a kan ma'aunin C da amsa mai jinkiri. Lasifika ɗaya-ɗaya aka kunna, ana juya maɓallin bayanta har na'urar ta nuna desibel 76. A manyan ɗakunan haɗa sautin fim desibel 85 ake amfani da shi, amma a ƙaramin ɗaki wannan ya yi wa kunne yawa. Takardar A/85 ta kwamitin ƙa'idojin talabijin na Amurka, ATSC, ta ba da 76 ga ɗakin da bai kai kimanin mita kubik 42 ba, wannan kuwa 38.6 ne. Aka yi wa maɓallin ƙarfi na sawunkad alama da fenti a wurin.

Tsayar da ƙarfi wuri ɗaya yana da alaƙa da bes kai tsaye. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunnen mutum ba ya jin sauti mai kauri sosai in ƙarfi ya yi ƙasa, yana ƙara jin sa in an ɗaga. Wanda yake haɗa waƙa yau da ƙarfi gobe a hankali, ma'auni biyu yake aiki da su. Ga kuma lafiyar kunne: hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, 88 awa 4, 91 awa 2.

Ikwalaiza ta zo a ƙarshe, kuma ragi kawai aka yi da ita. Aka auna wurare biyar a kewayen kai, tsakiya da santimita 20 zuwa kowane ɓangare, aka duba abin da ya bayyana a dukkansu. Biyu ne: 125 Hz aka rage desibel 5, 82 Hz aka rage 3, duka da siririn baki, wato ba a taɓa sautukan da ke gefensu sosai ba. Ba a ɗaga kowane kwari ba, ba a taɓa komai sama da 300 Hz ba.

Gwajin rufewa shi ne na mono. Aka tura murya ɗaya ga lasifikokin biyu daidai, ta tsaya siririya a tsakiyar sikirin kamar akwai lasifika ta uku a wurin.

## Bayan wata biyu

Daga 45 zuwa 300 Hz ɗakin yana cikin desibel 4 sama ko ƙasa, in ban da kwarin 63 Hz da na wajen 100 Hz da suka tsaya a 5. Mai ɗakin ya ɗauki mako guda yana sauraren waƙoƙin da ya sani sarai a kan alamar fentin kafin ya karɓi sabon aiki, domin kunnensa ya saba da tsohon ɗakin, da farko sabon ya yi masa kamar bes ya yi yawa a ƙasa ya yi kaɗan a tsakiya. Cikin ayyuka tara da suka biyo baya, ɗaya aka dawo da shi, shi ma a kan ƙarfin murya ne. Waƙoƙi ukun farko ya sake buɗe su ya tarar ya ɗaga ƙasa da 60 Hz da desibel 6 zuwa 8 a kan ganga da jitar bes.

## Abin da ya yi aiki, da dalili

Lasifikokin ba su da laifi tun farko, su ne dai a wurin har yau. Gyara mafi girma a awo ya zo ne a mako na 7, da tef da zare da salatif: desibel 9 a 41 Hz da wasu 9 a 95 Hz. Allunan ba su kai haka a tsayin tudu da zurfin kwari ba, amma su kaɗai suka rage jan jelar bes, abin da matsar da kujera ba ya yi.

Soson ya gaza ne saboda an sa shi aikin da ya fi kaurinsa. Sabwufar ba mugun tunani ba ce, in an nemo mata wuri da awo tana iya cike kwarin da monita ba za su iya ba, amma mai zaune a inda 41 Hz ke mutuwa ko sabwufa nawa aka kawo ba zai ji shi yadda yake ba. Ikwalaizar mako na 5 da ta mako na 10 na'ura ɗaya ce. Ta farko ta yi ƙoƙarin cike kwarin da ke sauya wuri da motsin kai, ta biyun ta aske tudun da ke nan a duk inda aka auna.

Kuskuren da ya fi cin lokaci shi ne jinkirta awo har mako na 6. Hawan sautuka a jitar bes a mako na 2 ya riga ya nuna 41 da 82 da 98, kuma raba 343 da 8.4 bai buƙatar makirufo. Batun kebul ma da an auna kowace lasifika ita kaɗai sannan a haɗe tun a daren farko, da bai kwana ba.

Kwarin 63 Hz yana nan, saboda daga tsayin rufi yake, kuma kunnen mutum a zaune ba ya nisa da tsakiyar ɗaki mai mita 2.7. Kama shi sai da tarkon bes na musamman da aka ƙera don wannan sautin, ko ulu mai kaurin da zai cinye wurin tsayuwa. Mai ɗakin ya zaɓi ya bar shi, yana duba tsakanin 55 da 70 Hz a hedifon kafin ya fitar da kowane aiki.